Dambe, Kokawa da Kareti: Kafin Yaranmu Su Haɗa Salo, Su Fara Kafa Tushe



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin iyaye da matasa a Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Kagoro zuwa Zonkwa, daga Gidan Waya zuwa Jagindi. Maganar ita ce yadda samarinmu masu sha'awar dambe da kokawa suka fara cakuɗa su da abubuwan da suke kallo a waya: harbin ƙafa irin na 'yan tekwando, naushin 'yan boksin, da shaƙa da murɗe hannu irin na 'yan UFC. Dattawa suna cewa an ɓata wasan gado. Yaran kuma suna cewa zamani ya canza, wanda ya tsaya kan salo ɗaya shi zai sha ƙasa. Mu a ƙungiyance muna ganin kowane ɓangare ya kama wani gefe na gaskiya. Ya kamata a baje maganar a faifai, domin abin da ke cikinta shi ne lafiyar 'ya'yanmu da zaman lafiyar unguwanninmu.

Matsayinmu a taƙaice shi ne: aro ba laifi ba ne, amma wanda ya ɗora tukunya a murhu shi ke zuwa aron gishiri. Yaron da bai ƙware a salo ɗaya ba, in ya ce zai haɗa huɗu, lokacinsa zai ɓata, kuma yana iya jawo wa kansa ko wa ɗan wani rauni.

Bari mu fara da abin da matasan suka faɗa daidai. Duk wani salon faɗa da ya yi suna a duniya, in ka bi tarihinsa za ka tarar da aro a ciki. Judo da ake yi a gasar Olamfik, wani malami ɗan ƙasar Japan mai suna Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882 a birnin Tokyo. Sunansa dai ya yi kama da na birninmu ne kawai, babu dangantaka. Sai da ya yi shekaru yana koyo a hannun malaman makarantu biyu na tsohuwar kokawar ƙasarsu da ake kira jujutsu, sannan ya tace, ya ɗauki abin da ke aiki, ya ajiye dabarun da suka fi haɗari domin a iya atisaye da ƙarfi ba tare da an karya juna ba. Daga baya wani almajirin makarantarsa, Mitsuyo Maeda, ya kai wannan ilimi ƙasar Birazil, iyalan Gracie suka karɓa suka mayar da hankali kan kokawar ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Royce Gracie, shi ya lashe gasar UFC ta farko a watan Nuwamba na 1993, alhali wasu daga cikin waɗanda ya kayar sun fi shi jiki nesa ba kusa ba. Shi ma Bruce Lee da yawancinmu muka taso muna kallon finafinansa, ya ɗauko dabaru daga damben boksin da wasan takobi na Turawa, ya raɗa wa tsarinsa suna Jeet Kune Do a 1967.

Mu mutanen Kafanchan kuwa ba mu ne za a koya wa amfanin cuɗanya ba. Garin nan mahaɗar jirgin ƙasa ne tun wajajen 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Abinci, sana'a, harshe, sutura, babu abin da ba mu ara daga juna ba. To don me dabarar kare kai za ta zama daban?

Sai dai akwai abin da matasan ke tsallakewa a cikin wannan tarihi. Duk waɗannan mutane da muka ambata, kowannensu yana da gida kafin ya fita yawo. Bruce Lee ya zauna gaban malaminsa Ip Man a Hong Kong yana koyon salon Wing Chun tun yana saurayi. Kamaru Usman, haifaffen Auchi ta jihar Edo, wanda ya karɓi kambun UFC a watan Maris na 2019, ɗan kokawa ne tun yana sakandare a Amurka, har ya zama zakaran ƙasa a rukunin jami'o'insu a 2010. Naushi daga baya ya ɗora shi a kan kokawar. Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya yi fafatawa fiye da 70 a damben hannu da ƙafa kafin ya ɗauki nasa kambun a watan Oktoba na 2019. Abin da ya ara daga kokawa shi ne yadda zai hana a kai shi ƙasa, don ya ci gaba da yin abin da ya fi iyawa a tsaye. Kowannensu ya san abin da yake da shi, ya san inda yake da giɓi, sai ya je ya aro daidai abin da zai toshe giɓin. Wannan shi ne haɗa salo. Kallon bidiyo goma a dare ɗaya a wayi gari ana gwadawa a kan ƙane, wannan wani abu ne daban.

Dalili na biyu da ya sa muke cewa a bi a hankali shi ne, kowace dabara 'yar dokar fagenta ce. In ka ɗauke ta daga inda aka haife ta, ba lallai ta yi aiki ba. Mu duba dambenmu. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, shi ne makaminsa, ɗaya hannun kuma yana miƙe a gaba a buɗe, shi ne garkuwarsa. Ana yin turmi uku. Da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Wannan doka ita ta haifi tsayuwar ɗan dambe: ƙafafu a ware, jiki a karkace, nauyi a ƙasa. To yanzu ka kawo masa harbin ƙafa na sama irin na tekwando, wanda aka tsara domin shimfiɗa mai laushi da hular kare kai, inda ake ƙirga maki. A kan rairayi, ƙafa ɗaya a sama, santsi kaɗan ya isa ya sa ka dafa ƙasa. Ka kashe kanka da kanka, abokin karawarka bai ko taɓa ka ba.

Haka shi ma ɗan boksin. Yana ɓoye fuskarsa a bayan manyan safar hannu biyu masu taushi, su ne katangarsa. Ka ce wa ɗan dambe ya yi irin wannan tsaro da hannu tsirara, dunƙulen zare zai ratsa ta tsakiya ko ya zagayo ta kunne. A kokawa ma haka ne. A judo akwai kayen da mutum ke faɗuwa da baya da gangan don ya wurga abokin karawarsa ta samansa, kuma ana ba shi maki. A kokawar gargajiya wanda bayansa ya fara taɓa ƙasa shi aka kayar. Sannan yawancin riƙon judo a kan riga mai kauri ake yin sa, ɗan kokawarmu kuwa babu riga a jikinsa, sai gumi da ƙura. Ɗan kokawa kuma da ya saba sunkuyar da kai gaba yana neman ƙafa, in ya shiga fagen da ake naushi, kansa ya miƙa a faranti.

Ko manyan duniya ba su tsira daga wannan ba. Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru ya zama zakaran masu nauyi na UFC a 2021. Da ya koma damben boksin, a watan Oktoba na 2023 a birnin Riyad ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na 3, duk da cewa alƙalai sun ba Fury nasara a ƙarshe. Jama'a suka ce ai shi ke nan, duk fage nasa ne. Bayan wata biyar, a watan Maris na 2024, Anthony Joshua ya gama da shi a turmi na 2. Ƙarfi yana nan, zuciya tana nan, amma fagen na wani ne. In haka ta faru da ƙato irin Ngannou mai masu horarwa da likitoci, ina ga yaron da malaminsa waya ce?

Yanzu mu juyo kan dattawa. Tsoronsu yana da tushe. Dambe ya wuce naushi. Akwai kalangu, akwai kirari, akwai ɓangarori na Kudu da Arewa da Guramaɗa, akwai tarihin mahauta da suka riƙe wasan suna zaga garuruwa bayan kaka. Akwai waƙoƙin Ɗan Anace da suka sa har yau ba a manta da Shago ba. Ku lura ma da yadda ake kiran 'yan dambe: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Sunan da kansa yana nuna cewa yaro yana da ubangida, akwai wanda ya koya masa, akwai wanda zai tsawata masa, akwai wanda za a kai wa ƙara in ya yi ba daidai ba. Wannan shi ne babban abin da waya ba ta iya bayarwa. Bidiyo zai nuna maka yadda ake shaƙe wuya, amma ba zai riƙe hannunka ya ce ya isa haka ba.

Inda muka saɓa da wasu dattawan shi ne cewa da suke yi a rufe ƙofa gaba ɗaya. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa ana iya riƙe biyun. Tun 1975 da aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a Tawa suke riƙe da kokawarsu da dokokinta da makaɗanta, sunaye irin su Kantu na Maraɗi da Isaka Isaka na Doso kowa ya san su. Wannan bai hana ɗan ƙasarsu Abdoul Razak Issoufou Alfaga ɗauko lambar azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta 2016 ba, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Mu ma a Najeriya lambarmu ta farko a Olamfik a damben boksin muka same ta, ta hannun Nojim Maiyegun a 1964, Chika Chukwumerije ya kawo tagulla a tekwando a 2008, Blessing Oborududu ta kawo azurfa a kokawar zamani a gasar Tokyo da aka yi a 2021. A lokaci guda kuma dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, wadda jiharmu ta Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 2009. Babu wanda ya kori wani. Abin da muke cewa shi ne a bar fagen dambe da dokarsa yadda aka gada, a bar fagen kokawa da tasa, amma wurin atisaye a buɗe shi ga duk abin da zai ƙara wa yaro lafiya da basira.

To me ya kamata a ara? A ganinmu abubuwan da suka fi amfani su ne waɗanda ba su da armashi a bidiyo. Daga 'yan judo a ari koyon faɗuwa. Su kafin a koya wa yaro kayar da wani, sai ya shafe makonni yana koyon yadda zai faɗi ba tare da ya buga ƙeya ko ya karya hannu ba. Wannan zai amfani ɗan kokawa, zai amfani ɗan acaɓa ma. Daga 'yan boksin a ari gudun safe, tsallen igiya, aikin ƙafa, da kauda kai daga naushi, domin ɗan damben da numfashinsa ya ƙare a turmi na biyu ƙarfin hannunsa ba zai cece shi ba. A ari robar kare haƙora, wadda kuɗinta bai kai na gyaran haƙori ɗaya ba. A ari haɗa mutane bisa nauyinsu, kada a sa ɗan shekara goma sha biyar gaban ƙaton da ya saba ɗaukar buhunan citta a kasuwa a ce wai ana gwada zuciyarsa. Daga 'yan kareti da tekwando a ari miƙe jijiyoyi kafin a fara, da gaisuwa kafin wasa da bayansa. Daga kokawarmu kuma ɗan dambe ya ari daidaiton tsayuwa, shi ma ɗan kareti ya zo ya koyi yadda ake tsayawa in an rungume shi.

Mafi muhimmanci, a ari dokar hutu. A damben boksin na masu tasowa, wanda aka buga ya suma ba ya komawa fage sai ya huta aƙalla kwana 30. Ba don ragwanta aka yi haka ba. Ƙwaƙwalwa in ta jijjiga tana buƙatar lokaci, bugu na biyu kafin ta warware yana iya zama na ƙarshe. A wurinmu sau da yawa ana yayyafa wa yaro ruwa, a yi masa kirari, a ce ya tashi ya rama. Duk wanda aka buga a ka sannan ya fara amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko barci ya dinga fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, asibiti za a kai shi nan take. Muna da babban asibiti a cikin Kafanchan, babu hujjar a tsaya jiƙa saiwa.

Akwai kuma abubuwan da muke roƙon a bar su sai in da ƙwararren malami a tsaye. Na farko shaƙa. Wannan dabara tana tare jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum zai sume, in aka ƙara riƙewa ana iya rasa rai. Masu yin ta a fage suna da alƙali a gefe, suna da alamar miƙa wuya da kowa ke girmamawa. Yara a bayan aji ba su da ko ɗaya. Na biyu murɗe gwiwa da gwiwar hannu, domin jijiyar da ta tsinke ba ta komawa yadda take da sauƙi, ga tsadar aiki. Na uku harbin kai. Kamaru Usman kansa, yana kan gaba a wasa, harbi ɗaya Leon Edwards ya yi masa a ka a turmi na 5 a watan Agusta na 2022, ya zube a sume, kambu ya tafi.

Gyara kuma bai tsaya kan abin da ya zo daga waje ba. A cikin al'adarmu ma akwai abin dubawa. Tsagar da ake yi a hannu a shafa magani, in da reza ɗaya aka yi wa mutum biyar, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Shan ƙwaya kafin shiga fage, su tiramol da makamantansu, yana kashe jin zafi, shi kuwa zafi shi ne mai gaya wa mutum cewa wani abu ya lalace a jikinsa. Wanda ba ya jin zafi zai ci gaba da faɗa da karyayyen hannu. Jarumtar da sai an haɗiyi ƙwaya take zuwa, ta mai shagon magani ce.

Akwai wani ɓangaren da ba za mu yi shiru a kansa ba. Duk wanda ya girma a wannan yanki ya san abin da muka gani a 1987 da 1999 da 2011, ya san me rikici ke ci. A irin wannan wuri, koya wa saurayi duka ba tare da koya masa riƙe zuciya ba kamar ajiye fetur ne kusa da murhu. Yaron da ya tsinci dabaru daga nan da can, ba ubangida, ba doka, shi ne wanda ɗan siyasa zai fara nema in zaɓe ya matso. Amma wurin atisaye mai tsari yana yin akasin haka. In ɗan Bahaushe da ɗan Bajju da ɗan Kagoro da ɗan Kaninkon da ɗan Fulani da ɗan Ibo suka saba zuba gumi tare, wannan ya kayar da wancan ya miƙa masa hannu ya tashe shi, da wuya wani ya zo da rana tsaka ya ce musu su abokan gaba ne. Wanda ka ba amanar wuyanka a atisaye ya sake ka lafiya, ka san shi sanin da jita-jita ba ta gogewa. Wannan ma haɗa salo ne, kuma a wurinmu ya fi kowanne daraja.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara.

Ga matasa: ku zaɓi salo ɗaya, ku nemi malami na gaske, ku ba shi aƙalla shekara biyu zuwa uku kafin ku fara ɗora wani abu a kai. In za ku ara, ku ari abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ku tambayi kanku: wace matsala wannan dabara za ta warware mini, kuma dokar fagena ta yarda da ita? Ku gwada ta a hankali da abokin da kuka amince da shi, malami yana kallo. In bayan wata biyu ba ta zauna ba, ku ajiye ta ba tare da jin kunya ba. Kuma kada dambe ya raba ku da makaranta ko sana'a. 'Yan kaɗan ne ke cin abinci da shi har tsufa, hannu kuwa ba ya daɗewa.

Ga iyaye: hanawa ba ta cika aiki ba, yaron zai koma yi a ɓoye inda babu mai sa ido. Gara ku san wa ke koya masa, a ina, da wa yake yi. Ku je ku gani da idonku. 'Ya'ya mata ma da ke son koyon kare kai, a samar musu wuri mai mutunci da mai koyarwar da aka yarda da ita.

Ga tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa, da waɗanda suka koyi judo ko tekwando ko boksin a makaranta ko a aikin soja da ɗan sanda suka dawo gida: ku ne maganin wannan matsala. Ku zauna tare. Mai zare ya nuna wa mai safar hannu abin da ya sani, shi ma ya saurara. In malamai suka haɗa kai suka tace abin da ya dace, yaro ba zai buƙaci ya yi haɗe-haɗensa shi kaɗai a ɗaki ba.

Ga masu unguwanni da shugabannin matasa da hukumomin wasanni na ƙananan hukumominmu, Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da sauransu: duk inda za a buɗe fage, a tabbatar akwai alƙali, akwai mai ba da agajin gaggawa, akwai abin hawa a kusa, an kuma haɗa yara da sa'o'insu. Wannan ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, sa ido yake buƙata.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan suna da ƙarfi, suna da zuciya, kuma sha'awar da suke nunawa abin a yaba ce. Abin da ya rage a kanmu manya shi ne mu ba su tushe da malami da doka. Allah Ya raya mana su, Ya zaunar da yankinmu lafiya.